KANO ZUWA MAIDUGURI: NISAN TASWIRA DA NISAN AGOGO

Kwanan baya wani malamin makaranta ya zo Kano daga Barno domin wani kos na mako guda, ya shigo ofishinmu ransa a ɓace, yana riƙe da bauca. Abin da ya faru shi ne, ya nemi a biya shi kuɗin kwana ɗaya na kan hanya, akawun da ke lura da kuɗin tafiya ya ƙi sa hannu. Akawu ya ce shi dai ya sani tsakanin Maiduguri da Kano awa ɗaya ce a jirgin sama, to, ina mutum ya ga kwana a cikin awa ɗaya? Malam kuwa ya rantse ya bar gidansa tun da hantsi ran Lahadi, bai taka ƙasar Kano ba sai ran Litinin bayan azahar. Muka duba tikitinsa, muka ga bai yi ƙarya ba. Muka buɗe taswira, muka ga akawu ma bai yi ƙarya ba. To, in mutum biyu suka yi gardama aka tarar kowa na da gaskiya, lalle akwai wani abu na uku da ya karkace. Shi ne mu ke so mu tattauna da ku yau, ku malaman makaranta da malaman ofis, gama ku ne masu koya wa yara nisan ƙasa, ku ne kuma masu lissafa kuɗin tafiyarta.

Bari mu fara da awo, domin shi ne ba ya sakewa. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana wajen digiri 12 arewa da layin Ikwaita. Filin Maiduguri kuwa, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Buhari a 2023, saura kaɗan ya kai digiri 12 ɗin. Watau garuruwan nan biyu kusan a sahu ɗaya su ke, ɗaya na gabas da ɗaya. Kano tana kan digiri 8 da rabi gabas da Girinwic, Maiduguri tana kan 13 da ɗan ɗoriya, bambancinsu digiri 4 da rabi ke nan da 'yan kai. A kan layin Ikwaita kowane digiri kilomita 111 ne, amma da ya ke duniya ƙwallo ce, layukan nan na tsaye suna matsowa kusa da juna in ana yin arewa, saboda haka a sahunmu digiri ɗaya bai fi kilomita 109 ba. Duk yaron da ya iya sau zai buga 109 sau 4 da rabi ya sami 490. In aka mai da 'yan kan da muka zubar, nisan ya tashi kusan kilomita 500, watau mil 310 a lissafin dattawa. Matuƙan jirgi kuwa da nasu mil ɗin daban, mil na teku, mai tsawon mita 1,852, a wurinsu nisan bai wuce mil 270 ba. Wannan abin kula ne ga akawu, kada ya ga 270 a wata takarda, 310 a wata, ya zaci wani ya yi ha'inci.

Akwai ma shaidar wannan nisa da kowa ke gani ba sai da taswira ba. Rana tana ƙetare digiri ɗaya cikin minti 4, saboda haka ta riga fitowa a Maiduguri da kamar minti 18, ta kuma riga faɗuwa da haka, ko da ya ke agogon garuruwan biyu ɗaya ne. Mai azumin da ya taso daga Yerwa da yamma ya nufi Kano, to, ya ƙara wa kansa minti 18 kafin ya sha ruwa.

Sai maganar lokaci, kuma a nan ne yawancinmu mu ke tuntuɓe. An koya mana a aji cewa a raba nisa da gudu a sami lokaci. Babban jirgi mai injin jet, irin Boeing 737, yana yin kamar kilomita 830 a awa in ya daidaita a sama. A raba 500 da 830, minti 36 ke nan. Amma jirgi ba ya tashi da wannan gudu, ba ya kuma sauka da shi. Sai an rufe ƙofa, an tura shi baya, ya yi rarrafe zuwa bakin titi, ya jira izini daga hasumiya. In ya tashi, zai ci kamar minti 15 ko 20 yana hawa, gudunsa bai cika ba. Tun da sauran fiye da kilomita 150 ya isa zai fara gangarowa yana rage gudu, wani lokaci kuma ya kewaya gari domin ya fuskanci iska, gama jirgi da iska a gabansa ya ke son sauka. A tafiya gajeriya irin wannan, abin da zai yi da cikakken gudu ɗan tsakiya ne kawai. Shi ya sa minti 36 na allo su kan zama kamar minti 50 a sama, su zama awa guda daga rufe ƙofa zuwa buɗe ta. Awar nan guda ita ce akawu ya riƙe, kuma daidai ce.

Ƙaramin jirgi mai farfela, irin ATR da ke ɗaukar mutum 50 zuwa 70, gudunsa wajen kilomita 500 ne a awa. Mai lissafin allo zai ce an bar shi nesa, amma da ya ke ba ya hawa can ƙololuwa, ba ya kuma ɓata lokaci wajen gangarowa, zai kai ka Maiduguri cikin awa ɗaya da kwata ko sama kaɗan. Bambancinsa da babban jirgin kamar minti 20 ne. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Iska ma da nata rabon, kuma muna roƙon malaman lissafi su gwada wannan a aji, gama mun ga manya sun faɗi a kansa. A ce jirgi yana yin kilomita 500 a awa, nisa kuwa 500, babu iska, zuwa da dawowa awa 2 ke nan cif. To, a ce iska ta taso daga gabas tana yin kilomita 100 a awa. Yawancin yara za su ce abin da aka rasa wajen zuwa za a mai da shi wajen dawowa. Ba haka ba ne. Wajen zuwa gudunsa a bisa ƙasa 400 ne, awa ɗaya da minti 15. Wajen dawowa 600, minti 50. Jimla awa 2 da minti 5. Dalili kuwa shi ne, jirgi ya fi daɗewa a hannun iskar da ke tare shi bisa ga wadda ke tura shi. Wannan duk ƙaramin abu ne in an gwada da hazo. Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu ta kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta rufe sararin Arewa, har matuƙi ya kasa hango titi. Ran da abin ya yi tsanani ba maganar minti a ke yi ba, sai dai a ce jirgi bai zo ba. Waɗansu filayen ƙasar nan kuma ba sa karɓar jirgi bayan faɗuwar rana, saboda haka jinkirin awa 2 da azahar ya kan zama kwana.

Yanzu mu waiwaya baya kaɗan, domin hanyar nan ba baƙuwa ba ce ga jirgin sama, ita ce ma uwar hanyoyinsa a Nijeriya. Tun kafin jirgi, nan ce hanyar fatake da mahajjata. Baturen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bar Kano a watan Maris na 1851, bai shiga Kukawa ba sai farkon Afrilu, kwana ashirin da 'yan kai. Jiragen da suka fara zuwa ƙasar nan kuwa guda 3 ne na mayaƙan sama na Ingila, ƙirar DH.9A, a ƙarƙashin wani hafsa Arthur Coningham. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ran 27 ga Oktoba, 1925, suka biyo ta Hartum da Fashir da Abeshe da Fort Lamy, wadda yanzu a ke kira Njamena, da Maiduguri, suka sauka Kano a filin wasan dawaki ran 1 ga Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman. Ku duba da kyau, hanyar mahajjata suka biyo, sai dai su daga gabas suka fito. Jirgi irin nasu bai cika wuce mil 100 a awa ba in yana tafiya mai nisa, saboda haka mil 310 ɗin nan awa 3 ce da wani abu a wurinsu. A 2025 aka cika shekara 100 da wannan sauka.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga ta mako-mako daga Hartum zuwa Kano, yana yada zango a Fort Lamy da Maiduguri, sa'an nan daga baya a cikin shekarar ya miƙa har Ikko, watau Legas. Lura, Maiduguri da Kano sun haɗu da juna ta sama kafin ɗayansu ta haɗu da bakin teku. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, daga 1940 jiragen yaƙi da a ke harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta nan su ke bi zuwa Masar, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Jinena, Hartum, dubbai suka wuce ta kan gonakin Hadeja da Fika. Bayan yaƙi aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma a 1946, ya riƙa yawo tsakanin garuruwa da ƙaramin jirgin nan Dove mai ɗaukar mutum 8 ko sama kaɗan, wanda zai cinye nisan nan cikin kamar awa 2. Nigeria Airways ya gaje shi a 1958, ya kawo jiragen Fokker, ya riƙe garuruwan Arewa har ƙarfinsa ya ƙare, ya daina aiki a 2003.

To, ga nisa bai ƙaru da taƙi ɗaya ba tun 1925. Ga ƙarfin inji ya rage tafiyar daga awa 3 zuwa awa guda. Yaya aka yi malaminmu ya kwana a hanya?

Amsar ita ce, ba ta kan layin nan ya biyo ba. Mafi yawan jiragen fasinja da ke tashi daga Maiduguri Abuja su ke nufa ko Ikko, haka kuma na Kano. Jirgin da zai ɗauke ka kai tsaye tsakanin garuruwan biyu ba abin da mutum zai ɗora alkawari a kansa ba ne. Saboda haka matafiyi sai ya yi kwana, ya bi ta Abuja. Daga Kano zuwa filin Abuja kamar kilomita 365 ne, daga can zuwa Maiduguri kamar 710, jimla 1,075, fiye da ninki biyu na hanyar Allah. Abin dariya kuma abin takaici shi ne, mutumin da ya tashi daga Kano yana da saura kilomita 500 ya isa inda za shi, bayan ya yi awa guda a sama ya biya kuɗi mai yawa, sai ya sauka a inda saura 710. Ya yi gudu ya ƙara nisa da kilomita 210.

Nisan ma ba shi ne babbar hasara ba, jira ne. A lissafa. Fita daga gida da isa fili awa guda kafin tashi, awa 2 ke nan. Tashi na fari, awa guda. Jiran kaya, da sake awo, da jiran jirgi na biyu, in an yi sa'a awa 3. Tashi na biyu, awa ɗaya da kwata. Karɓar kaya da shiga gari, kusan awa guda. An tasam ma awa 8, kuma wannan ran da kome ya tafi daidai ne. In jirgin farko ya makara, na biyu ya tafi ya bar ka, sai neman masauki, filin Abuja kuwa kamar kilomita 40 ya ke daga tsakiyar gari. Abin da ya sami malaminmu ke nan. A raba kilomita 500 da awa 8, a ga abin da ya fito. Kilomita 62 a awa, gudun tsohuwar motar haya. Mutum ya biya kuɗin jet sau biyu, ya yi tafiyar a-kori-kura.

Wani zai ce, to, me ya hana shi bin mota tun da fari? Tambaya ce mai kyau, kuma yawancin jama'a motar su ke bi, gama ita aljihunsu ya iya. Titin ya bi ta Wudil da Shuwarin da Azare da Potiskum da Damaturu, ya haura kilomita 550. An ba da kwangilar mai da shi tagwaye a 2006, aikin ya ci fiye da shekara 15, amma inda aka gama an ji daɗinsa, direba mai natsuwa ya kan kai cikin kamar awa 8 in shingaye ba su yi yawa ba. Sai dai duk wanda ya san Barno ya san kilomita 130 na ƙarshe, tsakanin Damaturu da Maiduguri, ba da mil kaɗai a ke auna su ba. Ran 9 ga Fabrairu, 2020, matafiya suka iso Auno bayan an rufe ƙofar shiga gari, suka kwana a cikin motocinsu a bakin hanya, 'yan ta'adda suka auka musu cikin dare, aka kashe mutum 30 ko fiye. Laifinsu kawai sun makara. Filin jirgin Maiduguri kansa an rufe shi ga fasinja bayan harin Disamba na 2013, ba a buɗe ba sai 2015, mutanen gari sun ɗanɗana abin da a ke nufi da gari ya rasa ƙofar sama. An sami sauƙi daga baya, amma har yanzu direban kirki ya fi so ya wuce wurin nan da rana tsaka. Ga mai haƙuri da lafiya, mota ta isa. Ga majinyacin da aka tura daga asibitin koyarwa na wannan gari zuwa na wancan, ko malamin jami'a da zai je duba jarrabawa ya komo ajinsa, ko kayan agaji irin waɗanda aka bukata da gaggawa sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a watan Satumba na 2024, bambancin awa guda da awa 8 ba abin wasa ba ne.

Jirgin ƙasa ba za mu daɗe a kansa ba. Dogo ya isa Maiduguri a 1964, amma daga Kuru ya taso ta Bauci da Gwambe, saboda haka a da, mutumin Kano sai ya gangara Kaduna da Kafancan tukuna. Shi ma kwana ne, ya fi na Abuja tsawo.

Ba mu ce kamfanonin jirgi mugaye ba ne. 'Yan kasuwa ne, inda ciniki ya ke nan su ke kai kaya. Tun da aka raba Jihar Arewa a 1967, Kano ta zama hedkwatar jiharta, Maiduguri ta zama ta Arewa maso Gabas, kowace ta juya fuskarta ga Gwamnatin Tarayya, da fari Ikko, daga 1991 kuwa Abuja. Can kuɗi su ke, can ma'aikatu su ke, can mai neman sa hannu ya ke zuwa. Masu iya sayen tikiti kullum, watau manyan ma'aikata da 'yan kwangila da 'yan siyasa, can su ke nufa. Ban da haka kuma, gajeriyar tafiya ta fi tsada a kowane kilomita. Man da jirgi ke sha wajen hawa ya fi na kowane sashe na tafiya, kuɗin sauka da na ma'aikatan fili ɗaya ne ko daga ina ka fito, inji da ƙafafun jirgi kuma da yawan tashi da sauka a ke lissafa tsufansu. In ka ɗora jirgi mai kujera 140 a kan hanyar da ke da fasinja 40 a yini, ka yi hasara tun kafin ka rufe ƙofa. Wannan gaskiya ce, ba mu musa ba.

Amma muna da magana biyu a kai. Ta fari, ba a san yawan masu bukatar hanya ba sai hanyar ta tsaya da ƙafafunta. Ɗan kasuwar da ke sayen atamfa a Kantin Kwari ya kai Kasuwar Litinin, ko mai kawo kifin Baga, ko dillalin hatsi na Dawanau, ba zai saki direban da ya saba da shi ba saboda jirgin da ya zo wannan mako bai zo na gaba ba. Sai ya ga wata shida jirgi na tashi ran da aka ce, a lokacin da aka ce, sa'an nan zai sake al'ada. Kafin nan kuwa kamfani ya gaji ya janye, ya ce babu mutane. Ta biyu, kuskuren yana wajen zaɓen jirgi. Mun nuna a baya cewa bambancin jet da mai farfela a kan kilomita 500 minti 20 ne kacal. Mai farfela ya fi ƙarancin shan mai nesa ba kusa ba, kujerunsa kuma sun fi sauƙin cikawa. Mun san akwai masu raina shi, suna ganin bai dace da babban mutum ba. Mu dai a ganinmu, wanda ya zauna awa 3 a kan benci a Abuja yana jiran jet bai fi wanda ya isa gida tun hantsi a mai farfela girma ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ba filaye muka rasa ba. A ƙarƙashin layin nan kaɗai, an buɗe filin Dutse a 2014, an buɗe na Damaturu a 2023, ga na Bauci da na Gwambe daga kudu kaɗan. An kashe dukiya mai yawa a kan kowanne. Amma fili tasha ce kawai, tasha kuwa ba ta kai kowa ko'ina. Kowace jiha ta gina nata domin a tashi a tafi Abuja, ba wadda ta tambayi yadda za a je wurin maƙwabciyarta. Haka mutumin Sakkwato da ke son zuwa Maiduguri, ko na Yola da ke son zuwa Katsina, duk sai sun je sun gai da Abuja tukuna.

Waɗansu ƙasashe sun gamu da wannan matsala, sun kuwa yi mata magani ba tare da Gwamnati ta koma sayen jirage ba. A Amurka, da aka sakar wa kamfanoni mara a 1978, sai aka kafa doka cewa ƙananan garuruwa ba za a yashe su ba, Gwamnati za ta cika wa kamfanin da ya yarda ya riƙa zuwa abin da ya rage masa. Indiya ta fito da irin wannan shiri a 2016, mai suna UDAN, inda a ke yin gwanjon hanya, kamfanin da ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta ya ɗauka, a kuma ƙayyade kuɗin waɗansu kujeru. Ba duk hanyoyin da aka buɗe ne suka rayu ba, amma dabarar a fili ta ke, ana sayen zirga-zirga ne, ba ƙarfe ba. Mu ma muna da inda za a ɗora wannan. Hukumar raya Arewa maso Gabas da aka kafa a 2017 a Maiduguri ta ke zaune, takwararta ta Arewa maso Yamma da aka kafa a 2024 kuwa a Kano. Ga su nan a bakin layin, ɗaya a kowane gefe. A 2024 kuma an ji gwamnatocin jihohin Arewa maso Gabas suna maganar haɗa kuɗi su kafa kamfanin jirgi nasu. Shawararmu gare su ita ce, kafin a yi maganar fenti da suna, a fara rubuta hanyoyi da ranaku. In jirgin da za a saya Abuja zai riƙa zuwa kamar na kowa, to, an ƙara wa mai ƙiba kitse ne. Abin da babu shi ne jirgi ƙarami da zai tashi Kano da safe ya sauka Maiduguri, ya komo da yamma, ko da sau 3 ne a mako, a yi alkawari da kamfani na shekara 2, a biya shi bisa ga tashin da ya yi a kan lokaci, a kuma buga lissafin a jarida kowane wata uku kowa ya gani. Gwamnatocin nan da jami'o'insu da asibitocinsu suna sayen tikiti da yawa a shekara ta hanyar Abuja. In aka tattara wannan kuɗi aka sayi kujeru a kan hanyar kai tsaye, an riga an biya wani kashi na tallafin.

Ku kuma malaman ofis, ga abin da ya shafe ku tun yau, ba sai an jira gwamnoni ba. Dattawanku na zamanin En'e suna da littafin zango, sun san daga gari kaza zuwa gari kaza kwana nawa ne a doki, da shi su ke biyan kuɗin rangadi, ba da tsawon zare a kan taswira ba. Ku yi koyi da su. In ma'aikaci ya kawo bauca, a dubi tikiti a ga ta ina ya bi, ƙarfe nawa ya tashi, ƙarfe nawa ya sauka. In kuwa ku ne za ku shirya masa tafiyar, ku lissafa daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar inda za shi, kada ku sa taro ƙarfe 10 na safe ku ce ai mutumin Barno ya taso da asuba. A watannin hazo ku ƙara masa kwana guda. Malaman labarin ƙasa kuma, in kun koya wa yara auna nisa da zare a kan ƙwallon duniya, kada ku tsaya nan. Ku ba su jadawalin jirgi na gaske, ku ce su fitar da gudun matafiyi, ba na inji ba. Yaron da ya gano da hannunsa cewa jet ya yi kilomita 62 a awa zai yi tambayar da ya kamata manyansa su yi tuntuni.

Malaminmu dai an biya shi kuɗin kwanansa bayan mun rubuta wa akawu bayani, akawun kuma, Allah ya saka masa, bai yi girman kai ba. Da kos ya ƙare ran Asabar muka tambaye shi ko a saya masa tikitin komawa. Ya ce a'a, a ba shi kuɗin mota. Ya je tasha tun kafin kiran assalatu domin ya sami motar farko, ya wuce Damaturu rana na tsaka, ya aiko mana da saƙo daga Yerwa kafin la'asar.